Askin wanzami a gida: aska ce sirrin ko ruwa?

Baban Ilham

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan aski. So nake in riƙa yi wa kaina irin askin wanzamai na ainihi a gida: a lulluɓe fuska da tawul mai ɗumi, a kaɗa kumfa da buroshi, a bi da aska a tsanake, a ƙarshe a goga alam. Gemu dai ina barin abina, kumatu da wuya da ƙarƙashin muƙamuƙi kawai nake gyarawa. Abin da nake amfani da shi yanzu rezar nan ce mai baki uku da kumfar gwangwani, kuma duk ranar da na yi aski sai wuyana ya yini yana raɗaɗi, washegari ƙuraje su feso. In wanzami ne ya yi mini, ko rabin wannan wahalar ba na gani. To aska ce ta bambanta mu? In sayi aska, ko akwai abin da ya kamata in fara da shi?

Tsohon Wanzami

Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye maganar sayen aska tukuna. Na ci abinci da wannan sana'a shekaru masu yawa, kuma abin da zan gaya maka shi ne, kafin ƙarfe ya taɓa fuskar mutum an riga an gama fiye da rabin askin. Kai kana watsa ruwa sau ɗaya, ka fesa kumfa, ka hau kankarewa. Busasshen gashi kake yanka, shi ya sa reza take fizga maimakon ta yanke.

Da farko a wanke fuska da ruwan ɗumi da sabulu, domin maiƙon fata yana hana ruwa ratsa gashi. Sai a shafa kumfa sama-sama, a tsoma ƙaramin tawul a ruwan zafi, a matse shi har ya daina ɗiga, a gwada shi a cikin tsintsiyar hannu. In hannu bai jure ba, fuska ma ba za ta jure ba. A naɗo shi daga ƙarƙashin haɓa ya hau kumatu, a bar hanci a waje, a dafe da tafi biyu. In ya huce a sake tsomawa. Minti uku ya wadatar. Da tawul ɗin za ka share kumfar farko, ka shafa sabuwa, sannan a yi maganar ƙarfe.

Na biyu, ban taɓa jiƙa fuskar mutum ba sai na fara shafa ta da yatsu a bushe, na ji inda gashinsa ya kwanta. Na kumatu yawanci ƙasa yake kallo. Na wuya kuwa ba shi da alƙibla guda: wani ya nufi sama, wani ya nufi kunne, wani ya yi juyi kusa da zakaran wuya. Ka bar naka ya kwana biyu ba aski, ka shafa. Ɓangaren da yatsa ya wuce da laushi, can gashin ya kwanta. Inda ka ji kaushi, ka saɓa masa ke nan. Ina kyautata zaton a wuya saɓa masa kake yi ba ka sani ba, saboda kowa daga sama zuwa ƙasa yake jan reza.

Abu Hanif

Baba, Allah ya ƙara lafiya, duk abin da ka faɗa haka yake, amma ina ganin ka rage wa aska matsayi. Baki guda mai kaifin gaske da ya wuce sau ɗaya ba daidai yake da baki uku da suka soma dakushewa ba. Kuma aska kaya ce ta gado in an kula da ita. Garin Sheffield na Ingila ya yi suna wajen ƙera ta tun ƙarni na 18, haka Solingen a Jamus da Thiers a Faransa, kuma har gobe kamfanonin Dovo da Thiers-Issard suna ƙerawa. Akwai askar da ta haura shekara 100 tana aski tsaf. A Landan akwai shagon Truefitt & Hill da aka buɗe a 1805, har yau tawul mai zafi da buroshi ake yi wa mutane a ciki. In Baban Ilham abin na ainihi yake so, ya nemi aska mai faɗin 5/8 na inci, mai zagayayyen kai ba mai tsini ba, ya haɗa da fatar gogawa, wato fatar da ake goga bakin aska a kanta. Zai ɗan sha wuya da farko, amma hannu yana sabawa.

Ɗan Autan Gida

Yayyena ku yi haƙuri, ni ban ga dalilin komawa baya ba. Kamfanoni sun daɗe suna bincike kafin su fito da reza mai baki biyar wadda da wuya ta yanke mutum. Cikin minti biyu ka gama ka kama gabanka. Wa ke da rabin awa da safe? Kuma ai an ce aski da ƙarfe tsirara yana sa gashi ya ƙara kauri.

Injiniya

Ƙanena, maganar kauri ba ta da tushe. Tun 1928 wata masaniyar jikin ɗan Adam a Amurka, Mildred Trotter, ta gwada ta nuna aski ba ya canza kaurin gashi ko saurin tsirowarsa. Gashin da ba a taɓa yankewa ba bakinsa siriri ne, wanda aka yanke kuwa gindinsa ne yake fitowa, shi ya sa ake jin kaushi.

Reza mai baki da yawa kuma ka san yadda aka tsara ta? Gillette ta fito da mai baki biyu a 1971, mai uku a 1998, mai biyar a 2006, duk a kan dabara ɗaya: bakin farko ya kamo gashi ya ɗan ja shi waje, na bayansa ya yanke kafin ya koma. Da an saki, guntun sai ya nutse ƙasa da saman fata. Abin da ke ba da santsin nan ke nan. Ga mai miƙaƙƙen gashi babu laifi sosai. Ga mai gashin da ke murɗewa, nan matsalar take. Ka ƙara da cewa ja ɗaya da reza mai baki biyar kankara biyar ce a fata, in ka maimaita wuri sau uku ka lissafa da kanka.

Maganar Baba kan ruwa ma an auna ta. Gashin gemu in ya sha ruwa na ɗan mintoci, ƙarfin da ake bukata a yanke shi yana raguwa da fiye da rabi. Abin da ba gaskiya ba shi ne wai zafi yana buɗe ƙofofin fata, sanyi ya rufe su. Ba sa buɗuwa, ba sa rufuwa. Gashin ne ke laushi.

Maman Walid

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma irin wuyan da Baban Ilham ya kwatanta na sha gani. Ba ƙurajen datti ba ne, gashi ne ke soke fata. Ta hanya biyu abin yake faruwa. Ko dai gashin ya fito, ya lanƙwaso saboda murɗinsa, bakinsa da aski ya fiƙe ya sake shiga fata. Ko kuma an yanke shi ƙasa da fata, sai ya huda bangon raminsa tun bai fito ba. Jiki yana ɗaukar sa baƙon abu, wurin ya kumbura, wani lokaci ya tara ruwa, in ya warke ya bar baƙin tabo. Maza masu murɗaɗɗen gashi su suka fi fama da shi, har rundunar sojan Amurka ta daɗe tana ba wasu sojoji takardar likita ta sassauta musu askin kullum saboda wannan.

Shawarar likitocin fata ita ce a bi kwanciyar gashi kawai, kada a maimaita wuri, kuma kada a ja fata ta miƙe lokacin aski. Wannan na ƙarshen ne ya sa nake ɗari-ɗari da askin wanzami a wurinka, Malam, domin wanzami da hannu ɗaya yake jan fata, ɗaya yana aski. Kafin komai ma, in ƙurajen suna nan yanzu, ka dakatar da aski mako uku zuwa huɗu su lafa. In ba za ka iya zama haka ba, ka rage da kilifa, ka bar tsawon kamar milimita 1. Kada ka tsige gashin da ya maƙale. In ka ga lanƙwasarsa a waje, ka ɗago bakin kawai da tsaftatacciyar allura ka bar shi.

Tsohon Wanzami

'Yata, kin yi gaskiya, amma bari in raba miki abu biyu. Akwai daidaita fata, akwai ja. Aska ba ta hawa fata mai tattara, in ta samu lanƙwasa nan za ta shige. Saboda haka dole a ɗora yatsa biyu a bayan aska a shimfiɗa wurin. Wannan daban yake da a ja fata har gashi ya miƙe tsaye a sare shi daga gindi. Na biyun shi ke kawo abin da kike faɗa. Duk wanda na ga gashin wuyansa yana murɗewa, bi ɗaya nake yi masa, ina bin kwanciyar, in ya shafa ya ce saura, in ce masa wannan sauran shi ne lafiyarka. Wasu sun ji haushina a kan haka. Na gwammace su ji haushi da su dawo mini da wuya duk ƙuraje.

Abu Hanif

To Baba, in aka cire bi na biyu da na uku ai an cire askin wanzami. Ƙa'idar da na sani bi uku ce: na farko a bi kwanciya, a sake kumfa a bi a gicciye, a sake kumfa a saɓa. Kowane bi ragewa yake yi, ba a neman gamawa a ja ɗaya. Ni haka nake yi kuma ƙurji ko ɗaya ba na samu.

Mai Saje

Malam Abu Hanif, fatarka da gashinka ne suka yarda, ka gode wa Allah. Ni a wani shago aka yi mini wannan bi ukun, da tawul da turare da komai, na fito ina shafa wuya ina jin daɗi. Bayan 'yan kwanaki ko kwalar riga ba na so ta taɓa ni. Ƙurajen sun jeru tun daga ƙarƙashin kunne har zuwa maƙogwaro, kuma baƙin tabon da suka bari ya daɗe ƙwarai kafin ya dusashe. Mai askin bai ko shafa wuyana ya ji yadda gashin yake ba. Yanzu da kaina nake yi, tawul da buroshi da reza mai baki ɗaya, bi ɗaya a wuya, biyu a kumatu. Daga nesan gaisuwa babu mai gane bambanci, sai wanda ya sa hannu. Ina roƙonka kada ka ba wanda ya riga ya ce yana da ƙuraje shawarar ya saɓa wa gashinsa.

Abu Hanif

Na karɓa a kan wuya. A kumatu dai ina nan a kan bakana, mutum ya gwada bi a gicciye ya gani.

Baban Ilham

Na gode ƙwarai, Baba da Hajiya da sauran 'yan'uwa. Na shafa wuyan kamar yadda Baba ya ce, ashe daga tsakiya zuwa ƙasa gashin sama yake kallo. Zan huta da aski har ya lafa. Kafin nan ina so in haɗa kaya. Wane irin buroshi da sabulu? Kuma Mai Saje, wace reza ce mai baki ɗaya kake nufi?

Mai Saje

Gidan reza na ƙarfe nake nufi, wanda ake kwance kansa a sa reza mai baki biyu a ɗaure. Ana cewa mai baki ɗaya ne saboda baki guda ke taɓa fata a kowane ja. Shi ne King C. Gillette ya samu takardar mallakarsa a 1904. A 1903 guda 51 kacal kamfaninsa ya sayar, sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo aka raba wa sojojin Amurka miliyoyinsa, suka koma gida da sabon aski da kansu. Daga nan kasuwar aska ta fara ja baya. Reza mara tsatsa kuma Wilkinson Sword ce ta yaɗa ta a 1962.

Ka nemi mai kai mara haƙora, irin su Merkur 34C, ba ya da zafin hannu. Riƙonsa daban yake da wanda ka saba, saboda kansa ba ya lanƙwasa ya bi fuska, kai za ka nemo masa karkata. Ɗora saman kan a kumatu, mariƙin yana miƙe waje, ka riƙa sauke mariƙin a hankali har ka ji baki ya fara kama gashi. Wajen digiri 30 ke nan. Za ka ji sautin yanka da kunnenka, ƙas-ƙas a hankali. Kada ka danna ko kaɗan, nauyin ƙarfen ya isa. Ja gajere-gajere, ka ɗauraye, ka juya ɗaya bakin. Inda babu kumfa kada reza ta sake bi. Rezar ciki kuma ba duka ɗaya ba ce: Feather ta Japan kaifinta ya yi yawa ga ɗan koyo, Derby da Astra sun fi sauƙi. Da ka ji ta fara fizga, canza ta, yawanci bayan aski uku zuwa biyar.

Injiniya

A kan buroshi, iri huɗu ne a kasuwa: gashin wata dabba dangin dage, gashin alade, gashin doki, da zaren roba. Ka karanta abin da aka rubuta a jiki kafin ka saya, domin yawancin masu tauri ɗin nan masu launin ruwan ƙasa-ƙasa na alade ne, na san da yawa a cikinmu ba za su so shi a fuska ba. Na roban zamanin nan ya yi kyau sosai, ba ya wari, ba ya bukatar jiƙo, yana bushewa da wuri. Shi zan ce ka saya.

Sabulu kuwa kada ka ɗauki na wanka. Kumfarsa manyan ƙwayoyi ce, kafin ka gama kunci ɗaya ta bushe. Na aski ana haɗa shi da kitse ko man tsirrai masu sa kumfa ta tsaya, da giliserin mai riƙe danshi. Proraso na Italiya da Tabac na Jamus da Arko na Turkiyya duk sanannu ne. In ka ga sabulu mai kyau ya ƙi kumfa, ruwan ka duba. Ruwa mai yawan kalsiyam da magnesiyam yana cinye sabulu ya mai da shi dusa-dusa. Ka ƙara sabulun, ko ka kaɗa da ruwan da aka tace.

Tsohon Wanzami

Kaɗa kumfa shi ne inda 'yan koyo suka fi faɗuwa, kuma kusan kullum ƙarancin ruwa ne. Jiƙa buroshi, ka yarfe shi ya zama da danshi kawai. Murza shi a kan sabulu kamar rabin minti, har bakin gashin ya yi nauyi da farin kauri. Sai ka koma kwano, ko kai tsaye kan fuska, kana juyawa kana ɗiga ruwa da yatsa, ɗigo kaɗan-kaɗan. Da farko za ka ga ƙwayoyi manya, ci gaba. Can za su ɓace, kumfar ta haɗe ta fara sheƙi, in ka ɗaga buroshi ta yi tsini ta ɗan sunkuya. Ɗebi kaɗan ka murza tsakanin babban yatsa da manuni. In ta yi santsi yatsun suna zamewa, ta yi. In ta yi danƙo ko ta fara tsagewa a fuska, ƙishi take ji. Tsayin kumfa ba shi ne abin nema ba, santsin ne. A fuska kuma ka fara da juyawa don gashi ya tashi kumfa ta shiga ƙarƙashinsa, sannan ka shafe ta ta kwanta.

Ɗan Autan Gida

Baba, kumfar gwangwani fa? Ita ma ai santsi take yi.

Tsohon Wanzami

Tana yi, ɗana, ban ce ba ta aiki ba. Sai dai iska ta fi yawa a cikinta, a saman gashi take zama, kuma tana sa mutum gaggawa. Minti biyun da buroshi ke yi yana yawo a fuska, gashi ruwa yake sha. In lokaci ne ba ka da shi, yi askinka da ka fito daga wanka da ruwan ɗumi, wankan ya tsaya maka a madadin tawul. Cikakken kuma ka bar shi sai ranar hutu.

Abu Hanif

Tunda an karkata ga gidan reza, bari in faɗa wa wanda zai zo ga aska daga baya abin da ke jiransa, kada ya saya ya ajiye. Sabuwar aska sau da yawa ba ta zuwa da kaifin aski, sai an wasa ta a dutse, daga mai kaushi mai lamba 1000 zuwa masu laushi 4000 da 8000, wasu su gama da 12000. Wannan a ba wanda ya iya. Abin da ke kanka kullum shi ne goga askar a fatar gogawa kafin aski. Ka rataye fatar, ka ja ta ta miƙe, ka kwantar da aska gaba ɗaya, bayanta ne ke gaba, kaifin yana biye. In ka kai ƙarshe ka mirgina ta a kan bayanta, ba a kan kaifin ba, ka dawo. Sau 30 zuwa 50, ba dannawa. Wanda ya juya ta kan kaifi ya yanke fatar kuma ya kashe bakin. Bayan aski a goge ta ta bushe ƙarau, har cikin mariƙi, domin yawancinsu ƙarfe ne mai kama tsatsa cikin dare ɗaya. In za a daɗe ba a taɓa ta ba a shafa mata ɗan mai.

Injiniya

Abin da zai nuna maka raunin bakin nan: a 2020 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa a mujallar Science cewa gashi, wanda ya fi ƙarfen reza laushi kusan sau 50, yana ɓantare bakin reza. Sun gani a na'urar ƙara girma, musamman idan gashin ya lanƙwasa ya haɗu da bakin a karkace. Saboda haka dakushewa ba gogewa ce kawai ba, ƙananan giɓi ne, kuma su ne ke yagar fata. Shi ya sa tsohuwar reza ta fi sabuwa jawo raɗaɗi.

Maman Walid

Akwai abin da ban ji an taɓo ba kuma ya fi duk waɗannan muhimmanci a wurina. Kayan aski na mutum ɗaya ne. Ba a aron reza ko aska, ko tsakanin wa da ƙane, ko uba da ɗa. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7, kuma jinin da ido ba ya gani ya isa. Nau'in C ma ta wannan hanya yana yaɗuwa. Goge baki da auduga da sifirit ba ya ba da tabbaci. Dalilin da ya sa a ƙasashe da yawa wanzamai suka koma askar da ake sa wa rabin reza a jefar bayan kowane mutum ke nan. Alam ɗin ma haka, tunda kan yanka ake goga shi, kowa da nasa. Wanda ya sayi tsohuwar aska ko tsohon gidan reza ya wanke shi sosai ya jiƙa a maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ya kai fuska.

Sannan duk mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, ko mai ciwon da jininsa ba ya tsayawa da wuri, ya bar wannan harka, ya yi amfani da injin aski na lantarki. Rezar da aka gama da ita kuma kada a jefa ta tsirara a kwandon shara, yara da masu kwashe shara suna yankewa. A samu gwangwani mai murfi a huda ƴar ƙofa a riƙa zurawa, in ya cika a liƙe.

Baban Ilham

Allah ya saka da alheri, Hajiya. To bayan an gama fa? Wanzamai suna shafa wani ruwa mai zafi da ƙamshi, shi ma in nema?

Maman Walid

Sifirit ne da turare, kuma a fatar da ke ƙuraje ban ba ka shawara ba. Zafin da ake ji ba alamar magani ba ce, fata ce da aka kankare take amsawa, kuma yana busar da ita. Ɗauraye da ruwan ɗumi kumfa ta fita, ka bi da ruwan sanyi, ka dafa da tawul mai tsabta ba gogewa ba, ka shafa mai mara turare mara nauyi. In ƙurajen suka ƙi tafiya duk da ka gyara aski, ko suka fara tauri suna tasowa kamar tabo mai kumburi, ka ga likitan fata da wuri, kada ka tsaya gwaje-gwaje.

Tsohon Wanzami

Alam dai kada ka bar shi, ko don abin da zai koya maka. Jiƙa shi da ruwan sanyi ka zagaya da shi inda ka aske. Wurin da ka yi daidai ba za ka ji komai ba. Wurin da ya yi maka tsinin zafi, nan ka danna ko ka maimaita, gobe sai ka sassauta hannu a wurin. Yana tsayar da ɗan jinin ƙananan yanka. Bar shi kamar minti ɗaya ka wanke, kada ya kwana a fuska, yana busarwa. Shi kansa ka shanya shi kafin ka ajiye, in ya zauna cikin ruwa narkewa yake yi.

Mai Saje

Baba, wuri ɗaya ne har yanzu yake ba ni wahala, kan zakaran wuya. Ko yaya na lallaɓa sai na ga ɗigon jini.

Tsohon Wanzami

Ba a aski a kan ƙashin. Sa yatsa a gefensa ka zamar da fatar zuwa dama, ba ja ba, zamarwa, sai gashin da ke kan tudun ya dawo wuri mai shimfiɗa, ka aske shi a nan. Ka sake zamarwa hagu ka yi ɗaya gefen. Wata dabarar, ka haɗiyi yawu ka riƙe, tudun zai hau sama na ɗan lokaci, ka yi ja ɗaya gajere ka saki. Kada ka ɗaga haɓa sama sosai, yin haka yana miƙar da fatar wuya fiye da kima, ga shi kai mai ƙuraje ne. Ɗaga kaɗan ya isa. Ka bar wurin ya zama na ƙarshe don ya fi daɗewa a cikin kumfa, in ta fara bushewa kafin ka iso ka sake shafa sabuwa. A gashin da ya yi juyi kuma, nemi ɓangaren da mafi yawansa ya kwanta ka bi shi sau ɗaya, abin da ya rage ka bar shi sai aski na gaba.